SHARHI: Ɗaurin Talala Ba Ya Yiwuwa Sai Da Mai Riƙon Igiya

Masu zuwa sauraren shari'a a kotun Agye ko ta Gidan Rumji sun san irin mutanen da aka fi gurfanarwa kan ƙananan laifuffuka. Yawancinsu samari ne. Wannan ya saci akuya, wancan ya zare damin gero daga rumbun maƙwabci, wani ya fasa kan abokin faɗansa a bakin rijiya, wani kuwa an kama shi da ƙwaya a tasha. Idan laifi ya tabbata, alƙali yakan sami kansa tsakanin ƙofofi biyu: ko ya tura mutum gidan kaso, ko ya yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, ya sallame shi ya koma garinsu ba mai bin sawunsa. Akwai ƙofa ta uku, wato a bar mai laifi cikin jama'a, yana noma ko sana'arsa, amma ƙarƙashin idon wani ma'aikaci da ya koyi aikin, wanda zai riƙa kai wa alƙali rahoto. Dokokin Jamhuriyar Nijar sun buɗe wannan ƙofa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da zai tsaya bakinta, da makarantar da za ta horar da shi, da takardar shaidar da za ta nuna ya cancanta.

Hausawa sun daɗe da sanin talala. Dabba ce ake ɗaurewa da doguwar igiya, ta yi kiwo ta wala, amma ba ta isa ta shiga gonar wani ba. Hikimar tana wurin mai igiya, domin shi ya san inda zai kafa turke da lokacin da zai ƙara tsawo ko ya rage. Don haka ma'aikacin da ake magana a kansa, wanda ya dace a kira shi jami'in talala, shi ne ginshiƙin al'amarin baki ɗaya. In babu shi, hukuncin da ba na kaso ba sunansa sallama kawai, kuma wanda aka yi wa sata yana da hujja in ya ce an zalunce shi sau biyu.

Aikin da ake nufi

Aikin jami'in talala yana farawa tun kafin hukunci. Shi ne zai je garin wanda ake tuhuma ya bincika halin zamansa: wa ke ciyar da shi, wa yake ciyarwa, yana da gona ko sana'a, ya taɓa aikata irin wannan ko kuwa karon farko ne, akwai babban da yake jin maganarsa ko babu. Ya rubuta wa alƙali abin da ya gani ba ƙari ba ragi. Bayan hukunci, shi ne zai tabbatar an cika sharuɗɗan da kotu ta gindaya, kamar biyan diyyar wanda aka cuta, da zuwa wurin aikin amfanin jama'a ranakun da aka yanka, da nisantar gida ko kasuwar da aka hana mutum zuwa. In aka karya sharaɗi, shi zai sanar da kotu, ko da kuwa ya san sanarwar za ta kai mutumin kaso. In fursuna ya kusa fita, ko an yi masa sakin sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, shi zai share masa hanyar komawa gida, ya nemo masa ubangidan sana'a, ya sasanta shi da danginsa.

Jandarma yana kamawa, gardi yana tsarewa, ma'aikacin jin daɗin jama'a yana taimakawa. Jami'in talala kuwa dole ya haɗa taimako da tsawatawa a hannu ɗaya, ya zama wanda mai laifi zai iya gaya wa gaskiya, kuma wanda alƙali zai iya dogara da sa hannunsa. Irin wannan hali ba ya samuwa da taron ƙara wa juna sani na kwana uku a wani otal na Yamai.

Abin da doka ta tanada

Ba yau aka fara rubuta waɗannan abubuwa ba. Kundin hukunta laifuffuka da na tsarin shari'arsu, waɗanda aka kafa a 1961, sun san ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka da sakin sharaɗi. Tun zamanin mulkin mallaka akwai gidan gyaran tarbiyyar yara a Dakoro, cikin wannan jiha ta Maraɗi. A 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. Ranar 14 ga Mayu 1999 aka kafa kotunan yara, sa'an nan dokar 20 ga Nuwamba 2014 ta sake tsara ikonsu da aikinsu. Alƙalin yara yana da damar damƙa yaro ga iyayensa ko ga wani amintacce maimakon tura shi kaso, kuma ofisoshin da aka sani da SEJUP sun yi shekaru suna bin al'amuran yaran da suka faɗa hannun shari'a. A Nuwamba 2012 aka yi babban taron duba halin da shari'a take ciki a Yamai, inda cunkoson gidajen kaso da jinkirin shari'a suka sha suka. Ranar 31 ga Maris 2017 aka fitar da dokar da ta kafa hukuncin aikin amfanin jama'a, da wadda ta tsara ƙa'idodin tafiyar da gidajen kaso, da wadda ta ba ma'aikatan gidajen kaso matsayi nasu na kansu.

A kan takarda, ke nan, Nijar ba ta baya. Amma shekara da shekaru rahotannin masu kare haƙƙin ɗan Adam suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke tsare a gidajen kason ƙasar ba a yanke musu hukunci ba tukuna, kuma babban gidan kason Yamai, wanda aka gina tun zamanin Turawa domin ƴan ɗaruruwa, ya daɗe yana ɗauke da fiye da mutum dubu. Alƙalin da ya ƙi yin amfani da hukuncin aikin amfanin jama'a ba taurin zuciya ke damunsa ba. Ya san cewa in ya yanke wa saurayi share harabar gidan likita na Gangara, babu wanda zai je ya ga ko an share, kuma in saurayin ya tsallaka iyaka ya nufi Katsina, sunan alƙalin ne zai ɓaci. Kaso shi ne hukuncin da ke da mai tsaronsa, shi ya sa ake yawan zaɓensa.

Gundumomi uku, buƙata ɗaya

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami fiye da mutum miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, jihar da ke cikin mafiya cunkoso a ƙasar. Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji kaɗai sun haura mutum dubu 900 a lokacin, Gidan Rumji ita ɗaya ta wuce rabin miliyan, kuma tun daga wannan shekara an ƙaru ƙwarai. Gazawa ba ta zama gunduma mai zaman kanta ba sai 2011, lokacin da aka cire ta daga Agye. Ƙasa ce ta manoma gero da wake da gyaɗa da aya, inda gona ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado, inda samari ke fita cin rani da zarar an gama girbi. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri da Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa, iyakar Najeriya kuma tana kusa.

A irin wannan ƙasa, ɗaurin wata shida da ya faɗo cikin damina ya fi ƙarfin mai laifi shi kaɗai. Gona ta kwana ba noma, mata da ƴaƴa su koma hannun dangin da su ma ba su ƙoshi ba, wanda aka yi wa sata kuwa bai ga ko dala ba, domin ɗaurarre ba ya samun abin biya. Saurayin ya fito ya tarar da bashi da sunan ɓarawo, ya kuma fito da abokan da bai shiga da su ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun daga 2019, lokacin da dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kowa ya gane cewa saurayin da ya rasa mafita a garinsu akwai masu jiransa a daji. Gidan kason da ke haɗa ɓarawon akuya da ɓarawon shanu mai bindiga a ɗaki ɗaya yana yi wa ƴan fashi aikin ɗaukar sababbin hannu.

Darasin wasu ƙasashe

Wannan sana'a ba masu digiri suka fara ta ba. A 1841 wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi kotu ta damƙa masa wani mashayi maimakon ta ɗaure shi. Ya komo da shi bayan makonni uku a shirye, alƙali ya yi mamaki. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa kusan mutum 2,000, kuma a 1878 jihar Masacusets ta yi dokar ɗaukar ma'aikaci mai albashi domin wannan aiki. A Ingila masu wa'azin coci ne suka fara zama a kotuna tun 1876, sai dokar 1907 ta mai da aikin na hukuma. Wato ko'ina da mutanen kirki aka fara, amma ko'ina aka ga cewa kirki shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin dubban shari'u, sai an haɗa da horo da albashi da doka.

Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin shari'arta, ta kafa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka a 1891, ta ƙara masa sa ido a 1958, ta kawo aikin amfanin jama'a a 1983 zamanin da Robert Badinter yake ministan shari'a, sa'an nan a 1999 ta haɗa aikin cikin ofisoshi na musamman a kowace gunduma. Mai son zama jami'i a can sai ya ci jarrabawar gasa, ya yi shekara biyu yana kai da kawo tsakanin makarantar ma'aikatan gidajen kaso da ke Ajan da wuraren aiki. A Ingila ma ana ɗaukar mutum ne yana aiki yana karatu, ana biyansa, har ya sami takardar shaidar sana'ar. Ingilar nan ta gwada miƙa wani ɓangare na aikin ga kamfanoni a 2014, abin ya ci tura, ta mai da shi hannun gwamnati a 2021. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai tunanin a bar wa ƙungiyoyi da ayyukan agaji na wa'adin shekara uku nauyin da ke wuyan hukuma.

Japan ta bi wata hanya da ta fi kama da zaman Hausawa. Ƙwararrun jami'anta ba su fi kimanin dubu ɗaya ba, amma suna aiki da dattawan unguwa masu sa kai fiye da dubu 40, waɗanda ke karɓar mai laifi su zauna da shi su ji halin da yake ciki. A Afirka, Kenya ta fara aikin talala tun shekarun 1940, ta yi dokar aikin amfanin jama'a a 1998, bayan Zimbabuwe ta nuna a farkon shekarun 1990 cewa abin yana yiwuwa a ƙasa matalauciya. Tarurrukan Kampala a 1996, Kadoma a 1997 da Wagadugu a 2002 duk sun yi kira ga ƙasashen nahiyar su rage dogaro da kaso. Najeriya ta canza dokar gidajen yarinta a 2019, ta buɗe sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. Ƙa'idodin Tokiyo da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990 sun tanadi cewa masu wannan aiki su zama mutanen da suka dace, a horar da su kafin su fara, a ci gaba da horar da su, a kuma biya su albashin da zai riƙe su.

Hanyoyin da ke akwai

Uba a Gazawa ya san hanyar da ɗansa zai bi ya zama malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko jandarma. In aka tambaye shi hanyar zama jami'in talala, ba zai sami amsa ba, alhali kuwa tubalan ginin suna nan a warwatse. Makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta ƙasa, EFJN, da aka kafa a Yamai a 2015, ta karɓi horar da alƙalai daga makarantar ENAM, tana kuma horar da magatakardan kotu. Makarantun kiwon lafiya na ƙasa, ENSP, sun daɗe suna fitar da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana koyar da shari'a da ilimin zaman jama'a da na halayyar ɗan Adam, jami'ar Tawa tana da sashen shari'a, ta Damagaram kuma tana koyar da ilimin zaman jama'a. Kowace shekara waɗannan makarantu suna yaye samari da ƴan mata masu lisansi, cikinsu har da ƴan Tibiri da Cadawa da Saye Sabuwa, da yawansu suna zaune ba aiki.

Kowace makaranta tana ba da rabin abin da ake bukata. Mai lisansin shari'a ya san sashe da saƙo na doka, amma bai koyi yadda ake zama da yaro ɗan shekara 15 har ya buɗe baki ba. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta san wannan, amma ba a koya mata rubuta rahoton da lauya ba zai iya rushewa a gaban kotu ba. Gardin da ya yi shekara goma a gidan kaso ya san fursunoni fiye da kowa, sai dai horonsa na tsaro ne, kuma kakinsa kaɗai ya isa ya rufe bakin mutanen gari. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta haɗa waɗannan rabi-rabi su zama hanya ɗaya mai suna, mai jarrabawar shiga, mai takardar fita.

Matakai uku da suka dace

Mataki na farko shi ne na cikakken jami'i. A buɗe jarrabawar gasa ga masu lisansi a shari'a, ko ilimin zaman jama'a, ko halayyar ɗan Adam, ko aikin jin daɗin jama'a. Wanda ya ci ya yi shekara biyu ƙarƙashin EFJN, rabi a aji, rabi a fagen aiki. A aji ya koyi dokar laifuffuka da tsarin shari'a, da dokar yara, da dabarun tambaya da sauraro, da sanin alamun shaye-shaye da taɓin hankali, da rubuta rahoto, da ƙa'idodin riƙon sirri. Ya kuma koyi dokar karkara ta 1993 da aikin kwamitocin filaye, domin a Gidan Rumji da yawan shari'un duka da rauni daga iyakar gona da burtali suke tasowa, kuma jihar ba ta manta da abin da ya faru a Toda cikin Oktoba 1991 ba, inda aka hallaka fiye da mutum 100 a rikicin manoma da makiyaya. A fagen aiki ya zauna wata uku a kotun gunduma, wata uku a gidan kaso, sauran lokacin kuma tare da alƙalin yara da ofishin kare yara. Kada a ba shi takarda sai ya bi shari'u na gaske daga farko har ƙarshe ƙarƙashin idon wani babba.

Wajibi ne a sa harshe cikin jarrabawar. Wanda za a tura Agye ko Gazawa ya nuna yana iya tattaunawa da Hausa ba tafinta, wanda ya ƙara da Fulatanci ko Tamashek a ba shi maki na musamman. Rahoton da aka gina kan fassarar ɗan rakiya, ra'ayin ɗan rakiyar ne. Haka kuma a ware wa mata kaso tun daga shiga, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba zai wuce zaure ba, kuma yarinyar da ta faɗa hannun shari'a ba za ta faɗa wa namiji abin da ya kai ta ba.

Mataki na biyu na mataimaka ne, masu bakaloreya, da horon shekara ɗaya. Su ne za su riƙa zagaya wuraren aikin amfanin jama'a, suna riƙe da rajistar zuwa da tashi. A nan ne ya kamata a buɗe ƙofa ga ma'aikatan da ke cikin aiki tuni. Malamin makarantar da ya yi shekara biyar a ƙauye, da ma'aikacin jin daɗin jama'a, da gardin da ke son ajiye bindiga, duk a ba su damar shiga ta jarrabawar cikin gida, ba tare da sun yi asarar shekarun aikinsu ba. Mataimakin da ya nuna ƙwazo kuma ya sami hanyar hawa mataki na farko. Sana'ar da ba ta da tsani, masu ƙoƙari gudunta suke yi.

Mataki na uku na masu sa kai ne: dattawan gari, shugabannin mata, limamai, iyayen sana'a. Kotu ce za ta amince da sunan kowane, bayan horo na ƴan makonni da harshensa, a ba shi katin shaida da kuɗin mota, a kuma iyakance masa mutum biyu ko uku. Ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Ɗan Saga cikin gundumar Agye, kwamitocin ƙauye masu tsaron itatuwan gona sun nuna cewa mutanen karkara suna iya kafa ƙa'ida su tsare ta. Sai dai a fayyace iyaka. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanci a al'amuran al'ada da na dukiya, ba ta ba su ikon hukunta laifi ba, kuma mai sa kai ido ne na jami'i, ba alƙali ba ne.

Lissafin ba mai ban tsoro ba ne. Jami'i biyu a kowace gunduma, mace da namiji, ya kama mutum shida ga Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da shugaba ɗaya a babbar kotun Maraɗi. In aka bi wannan ma'auni a gundumomi 63 da dokar 2011 ta tsara, mutum 126 ne, abin da aji biyu ko uku na makaranta ɗaya za su fitar. A fara da waɗannan gundumomi uku, a ba kowane jami'i babur da mai da ofishi cikin harabar kotu, a ƙidaya sakamako bayan shekara uku: mutum nawa aka ba su, nawa suka cika sharaɗi, nawa suka koma laifi, diyyar jika nawa ta shiga hannun waɗanda aka cuta. A buga alƙaluman kowa ya gani.

Amsa ga masu shakka

Ɗan kasuwar da aka fasa wa shago zai ce wannan sassauci ne ga ɓarayi. Damuwarsa tana kan hanya, kuma ba wanda ya ce a yi wa mai kisa ko mai fyaɗe ko ɗan fashi talala. Amma ya auna da kansa: ɓarawon da aka ɗaure wata shida ya fito bai biya shi komai ba, da wanda aka tilasta wa aiki yana biyansa duk ranar kasuwa ƙarƙashin barazanar kaso, wanne ya fi mayar masa da haƙƙinsa? Ma'aikacin baitulmali zai ce babu kuɗi. Fursuna ma ci yake yi, ana tsaronsa dare da rana, ana yi masa magani, kuma jami'i ɗaya mai babur yana iya bin mutum 40 waɗanda ke ciyar da kansu.

Shakkar da ta fi nauyi ita ce ta cin hanci. Mutumin da rahotonsa ke iya hana ɗauri ko jawo shi, za a kai masa goro, za a kuma kai masa barazana. In aka ɗauki jami'ai ta hanyar sanayya da takardar wani babba, ɗan mai kuɗi zai sami rahoto mai kyau, ɗan talaka ya tafi kaso, a ƙara wa shari'a wani sabon shingen karɓar kuɗi. Maganin wannan tun daga shiga yake: jarrabawar da ake gyarawa ba suna a kan takarda, rantsuwa a gaban kotu, albashin da ba ya makara, hana mutum aiki a kan shari'ar danginsa, da ba wanda aka sa wa ido damar kai kuka wurin alƙali. Wanda aka kama ya sayar da rahoto a kore shi, a soke takardarsa, a gurfanar da shi.

Akwai kuma tsofaffin da kalmar aiki ba lada ke tuna musu da aikin tilas na zamanin Turawa, wanda ba a soke ba sai 1946. A Faransa ba a yanke wa mutum aikin amfanin jama'a sai da yardarsa, kuma wannan ƙa'ida ce da ya kamata a riƙe da ƙarfi a nan. Aikin ya tsaya ga makaranta da gidan likita da kasuwa da dashen itace. Ranar da aka ga wanda aka yanke wa hukunci yana noman gonar wani mai muƙami, ranar tsarin ya mutu. Jami'in da ya sami horo, wanda ya san doka tana bayansa, shi ne zai iya ce wa mai muƙamin a'a.

Nauyin da ke kan kowa

Ma'aikatar shari'a ce ke da alhakin fitar da matsayin wannan sana'a a rubuce, da sharuɗɗan shigarta da matakan albashinta, ta kuma sa ranar jarrabawar farko. Ma'aikatar kuɗi ta sa guraben cikin kasafi, kada a jira mai ba da agaji, domin aikin da baƙo ya biya yakan tafi tare da baƙon. Shugabannin ƙananan hukumomin Agye, Cadawa, Gazawa, Gangara, Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa su tsara jerin ayyukan da za su iya karɓar mutane a kai, da sunan wanda zai kula da su. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana iya ba da ɗakunan da za a riƙa sabunta horon jami'ai da masu sa kai, ba sai an kwashe su zuwa Yamai ba.

Ƴan kasuwa da masu sana'a su ma suna da rabonsu. Arzikin Maraɗi a kan amana ya ginu: ubangida ya ɗauki yaro, ya gwada shi da ƙaramin saƙo, ya ƙara masa da babba, har ya ba shi jari. Babu makarantar gyaran hali da ta fi wannan, amma ba mai hankalin da zai buɗe wa wanda kotu ta hukunta shagonsa in babu wani tsayayye da zai kira ranar da abu ya ɓace. Tela da makaniki da mai awon hatsi za su karɓi irin waɗannan samari in sun san akwai jami'i mai suna da ofishi da ke zuwa duba su. Dokar aikin amfanin jama'a ta fito tun 2017, yaran da aka haifa a shekarar sun shiga makaranta. Lokaci ya yi da za a buga sanarwar jarrabawa a ƙofar kotunan jihar Maraɗi, domin masu lisansin da ke zaune a gida su san akwai aikin da ƙasa ke jiransu da shi.